Kwamfutar Tebur a Dandamalin Kiɗa: Sharaɗinta da Yadda Ake Fita da Ita

Tun daga shekarun 1990, sa'ad da fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shiga ɗakunan ɗaukar sauti na birnin Kano ya zama ginshiƙin kiɗan waƙoƙin fim, har ya zuwa wannan zamani da galibin kiɗan da ake ji a gidajen biki a cikin kwamfuta ake harhaɗa shi da manhajoji irin su FL Studio da Cubase, akwai wata mas'ala da ba ta rabu da makaɗan zamani ba, ita ce yadda za a ɗauko sautin da aka tsara a natse cikin situdiyo a kai shi gaban jama'a ba tare da armashinsa ya ragu ba. Mafi yawan mutane sun yanke wa mas'alar hukunci tun kafin su bincike ta, suka ce kwamfutar cinya, wato laftof, ita ce ta fita wasa, ta tebur kuwa ta zaman ɗaki ce, ba ta da hurumi a kan dandamali. A ganina an yi gaggawa a wannan hukunci. Kwamfutar tebur tana iya ɗaukar nauyin wasa tun daga buɗe taro har tashi, a wasu halaye ma ta fi laftof amana nesa ba kusa ba, sai dai akwai sharaɗi guda wanda in bai cika ba dukkan sauran tanadi ya tashi a banza, shi ne sha'anin wutar lantarki, don haka a kansa zan fi tsawaita bayani.

Kafin a kai ga sharaɗin, ya kamata a san abin da ake nema a wurinta har mutum zai ɗora wa kansa wahalar ɗaukarta. Babbar fa'idarta ita ce jure zafi. Furosesa, wanda shi ne ke yin dukkan lissafin da ke zama sauti, gwargwadon aikin da aka ba shi gwargwadon zafin da yake fitarwa, kuma an gina shi a kan cewa idan zafinsa ya doshi digiri 100 sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Laftof jikinta siriri ne, fankarta 'yar ƙarama, hanyoyin iskarta ƙuntatattu, saboda haka ita ce ke saurin kaiwa wannan haddi. Kuma da zarar furosesa ya ja da baya sai sauti ya shiga tsinkewa yana ƙaraf-ƙaraf a lasifika, alhali jiya a ɗaki mai sanyi waƙar nan ta tafi sumul babu tangarɗa. Wanda ya san bazarar Sakkwato ko Maraɗi ko Damagaram, inda zafin rana ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga rumfar tamfol cike maƙil da mutane, ga fitilu suna ƙara nasu, ya san wannan ba mas'alar cikin littafi ba ce. Ta tebur kuwa akwatinta faffaɗa ne, fankokinta manya, ƙarfen da ke janye zafi daga furosesa ya ninka na laftof girma, don haka tana riƙe gudu ɗaya awa huɗu ko biyar ba ta sassauta ba.

Bayan wannan akwai rahusa da sauƙin gyara. Kuɗin da zai sayi laftof matsakaiciya yakan sayi ta tebur da ta fi ta ƙarfi, musamman a cikin kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, waɗanda ake samu a titin Beirut a Kano da kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas. An ƙera su ne don su wuni a kunne shekara da shekaru, kuma idan wani sashe ya lalace ana cire shi kaɗai a sa wani, saɓanin laftof da ramin cajinta kawai in ya kwance sai ta kwana a wurin mai gyara. Sai dai a sani cewa akwatin wutar waɗannan na ofis galibi samfurinsa daban ne da na gama-gari, don haka wanda ya sayi ɗaya daga cikinsu ya nemi akwatin wuta na ajiya tun a ranar.

Ba kowa nake yi wa nasiha da wannan hanya ba. Mawaƙin da kiɗansa ya riga ya kammala a situdiyo, abin da yake buƙata kawai a kunna masa ya ɗora murya, wanda kuma a adaidaita-sahu ko bayan babur yake zuwa wurin taro, wannan laftof ta ishe shi, wayar hannu ma kan ishe shi, kuma ɗaukar ta tebur a wurinsa takalifi ne marar dalili. Wanda nake nufi shi ne makaɗin da ke kaɗa fiyano kai tsaye da sautukan da ke cikin kwamfuta, ko mai gyara muryoyin mawaƙi da 'yan amshi da Auto-Tune a daidai lokacin da suke rerawa, ko ƙungiyar da ke da mota da yaran ɗaukar kaya, ko kuma masu zaunannen wuri, kamar ɗakin taro ko otal, inda kayan ba sa motsawa sai jefi-jefi. Abin ba bidi'a ba ne: tun 1985 kwamfutar Atari ST, wadda ta tebur ce, ta fito da ramukan MIDI, wato na haɗa ta da kayan kiɗa, a jikinta, makaɗan Turai suka riƙa hawa dandamali da ita, kuma har gobe manyan ƙungiyoyi masu yawon wasa suna ɗaure kwamfutoci marasa batir, irin su Mac mini, a cikin akwatunan kayansu.

To, yanzu ga sharaɗin. Mu ɗauka ana tsakiyar dina, amarya da ƙawayenta sun fito fili, mawaƙi ya kai baitin da ake yin liƙi, sai aka ɗauke wuta. Yaron gidan taro ya ruga bayan gini da tocilan, ya tayar da janareta, ya dakata injin ya daidaita, sannan ya ja sandar canjin layi. Abin duka bai wuce minti ɗaya ko biyu ba, fitilu suka dawo, amfilifaya ta dawo nan take. Mai laftof yana nan inda ya tsaya, yatsa ɗaya zai danna kiɗa ya ci gaba. Mai ta tebur kuwa allonsa baƙi ƙirin, sai Windows ta tashi daga farko, manhaja ta buɗe, sautukan fiyano da na ganguna su sake shiga ma'adana ɗaya bayan ɗaya, jama'a sun zuba masa ido, uwar biki ta turo a tambaya. Wannan ma idan an yi sa'a ke nan, domin idan wutar ta yanke a daidai lokacin da kwamfuta take rubutu a faifanta, fayil na iya lalacewa har ta ƙi tashi gaba ɗaya. Laftof raƙumi ce, da ruwanta take tafiya. Ta tebur ingarman doki ne, ya fi ƙarfi da sauri, amma wajibi ne a ɗaukar masa ruwa. Akwatin wutar da ke cikinta, bisa ƙa'idar ATX da ake ƙera shi a kanta, abin da aka wajabta masa ya riƙe bayan yankewar wuta kimanin milisakan 16 ne kacal, wato ƙasa da kashi 1 cikin 60 na sakan guda. Ƙiftawar fitila da ido bai gama ganewa ba ta isa ta kashe ta.

Maganin wannan shi ne UPS, akwatin batir da ke tsayawa tsakanin soket da kwamfuta, sai dai a nan ne mutane suka fi yin asara, domin sunan ɗaya ne amma nau'i uku ne, kuma bambancinsu a gaban janareta yake bayyana. Nau'in farko, wanda shi ne mafi araha kuma shi ya cika shaguna, yana barin wutar soket ta wuce yadda take, sai ya ga ta yanke ko ta karkace sannan ya juya zuwa batir cikin 'yan milisakan. Na biyu kamar na farko yake, sai dai an ƙara masa abin daidaita ƙarfin wuta, yana ɗaga ta in ta faɗi, yana sauke ta in ta hau, ba tare da ya taɓa batir ba. Na uku, wanda a kasuwa ake ce masa onlayin, shi a kullum yana mayar da wutar da ta shigo zuwa irin ta batir, sannan ya sake ƙirƙiro sabuwa mai tsabta ya ba kwamfuta, ta yadda ko wuta ta yanke ko ta dawo babu wani juyi da kwamfutar za ta ji. Dalilin fifita na uku shi ne: wutarmu, a Nijeriya da Nijar baki ɗaya, tana kai-komo sau 50 a sakan, kuma janareta ba ya ba da wannan adadi daidai sai in injinsa yana juyawa a gudu ɗaya, 3000 a minti ga ƙananan na fetur, 1500 ga manyan na dizal. To, duk sa'ad da ganga ta buga a manyan lasifikoki amfilifaya ta zuƙi wuta, ko na'urar sanyaya ɗaki ta tashi, sai injin ya ɗan nitse, adadin ya karkace, UPS nau'in farko ya ɗauka wutar ta ɓaci ya koma batir yana ƙara tsit-tsit, ya dawo, ya sake komawa, har batir ya ƙare ya kashe kwamfutar alhali fitilun ɗakin suna kunne. Wanda bai san sababin ba sai ya ɗora laifin a kan kwamfuta. Wasu daga nau'i na biyu suna da wurin rage saurin firgitarsu, kuma hakan yakan taimaka, amma wanda sana'arsa ke nan ya daure ya sayi na uku, ko da kuwa farashinsa ya kai na kwamfutar kanta. Sitabilaiza ita kaɗai ba ta maye gurbinsa, domin ita gyaran ƙarfin wuta take yi, ba ta da abin da za ta bayar idan wutar ta tafi.

Akwai kuma siffar wutar da UPS ke fitarwa sa'ad da yake kan batir. Masu araha wutarsu hawa-hawa take, mai kusurwoyi, ba ta lanƙwasa sumul kamar ta soket, kuma akwatunan wuta na zamani da yawa ba sa jituwa da ita: wani ya yi ta ƙugi, wani ya mutu a daidai lokacin juyi, ga tsaki da takan shigar cikin sauti. A nemi wanda aka rubuta pure sine wave a jikinsa. Game da girma kuwa lissafin mai sauƙi ne. Kwamfutar tebur marar babban katin hoto, tare da ƙaramin allo da katin sauti da fiyano, da wuya su haura wat 250 gaba ɗaya. UPS mai VA 1000 yakan ɗauki tsakanin wat 600 zuwa 900 gwargwadon ƙirarsa, don haka ya wadatar har da rara, kuma zai riƙe 'yan mintunan da ake buƙata kafin janareta ya tashi. Kada a kuskura a ɗora masa amfilifaya ko manyan lasifikoki, su a bar su a layinsu. In wuta ta tafi su yi shiru ba laifi, muddin kwamfutar tana raye. Wanda yake da inbata mai fitar da tsabtatacciyar wuta da batir mai kyau, musamman na litiyam, yana iya ɗora kwamfutar a kanta tun farkon wasa har ƙarshe ba tare da ta san akwai janareta a gidan ba, kuma wannan hanya ingantacciya ce matuƙa. A tuna kuma cewa batiran darma da ke cikin UPS zafi ne ajalinsu, ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce kowane ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana raba tsawon rayuwarsu biyu, saboda haka a ƙasarmu ba a yarda da batirin da ya shekara biyu sai an jarraba shi.

Jarrabawar kuwa babu wata sai guda: a haɗa komai a gida kamar yadda za a haɗa a wurin taro, a buɗe waƙar da ta fi kowace nauyi, ana cikin kaɗawa a fizge fulogin UPS daga bango, a duba agogo a ga minti nawa zai riƙe, sannan a maimaita a kan janareta, ana kunna dutsen guga ana kashewa don injin ya ji canjin nauyi. Abin da bai ci wannan jarrabawa ba kada ya hau dandamali. Akwai wani abu ƙarami da ya halaka kwamfutoci masu yawa tun ranar farko: a bayan wasu tsofaffin akwatunan wuta, kusa da ramin igiya, akwai ɗan jan makunni da aka rubuta 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. Kwamfutar da ta fito daga Amurka sau da yawa a kan 115 take, idan aka soka ta a wutarmu haka nan sai a ji fas, hayaƙi ya tashi. A tura shi da bakin sukudireba ya nuna 230, sannan a liƙe shi da salatif don kada hannu ya taɓa. A cikin BIOS, wato saitin tushe na kwamfuta, kuma akwai zaɓin da ke sa kwamfuta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo, a kunna shi.

Mas'alar da ke biye da wannan ta shafi rai, don haka ina roƙon a karanta ta da natsuwa. Fulogin kwamfutar tebur ƙafa uku gare shi, ta ukun ita ce wayar ƙasa, kuma idan kwamfuta tana wani soket, miksa tana wani can nesa, aka haɗa su da igiyar sauti, sau da yawa sai a ji wani gurnani yana fita a lasifika ba ya yankewa. Wasu masu haɗa kaya sun gano cewa in aka karya ƙafar nan ta uku gurnanin yakan ɗauke, sai suka mayar da hakan al'ada. Wannan ganganci ne da rayukan mutane, domin wayar ƙasa ita ce ke kwashe wuta idan ta zubo a jikin ƙarfe, in babu ita kuwa jikin wanda ya riƙe makirufo shi ne hanyar. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya rasu a kan dandamali a Swansea ta ƙasar Birtaniya saboda ya taɓa makirufon da wuta ta hau kansa. Halastacciyar hanya ita ce a ɗauko wutar kwamfuta da ta miksa daga tushe ɗaya, a yi amfani da igiyoyi masu waya uku, wato XLR ko TRS, tsakanin katin sauti da miksa, in gurnanin ya ƙi tafiya a sa akwatin DI mai taransifoma a tsakani a danna makunninsa na raba ƙasa, wanda ke yanke ƙasar sauti kaɗai ya bar ta wuta. Janareta ma a tabbatar an kafa masa sandar ƙasa, kuma a sa abin katse wuta mai aiki a miliamfiya 30 a kan layin dandamali.

Sai batun tafiya, wadda ita ce abokiyar gaba ta biyu. Kwamfutar tebur an yi ta ne don ta zauna wuri ɗaya, duk abin da ke cikinta mai nauyi kuma yana rataye ne a jikin babban allon da sauran sassa ke manne da shi. Idan mota ta faɗa rami, babban katin hoto yakan fizge daga raminsa, doguwar hasumiyar sanyaya furosesa kuma takan lanƙwasa allon har ya tsage. Makaɗi ba ya buƙatar katin hoto, wanda ke cikin furosesa ya ishe shi, don haka a cire. A sa gajeren abin sanyayawa mai ɗaure da sukurori. Tsohon faifai mai juyawa kuwa, wanda girgizar mota da ta manyan lasifikoki duk suna cutar da shi, a maye shi da SSD wadda ba abin da ke motsi a cikinta, in da hali irin M.2 da ake ɗaurewa a jikin allo babu igiya. Wayoyin ciki a ɗaure su tsaf. Wanda ya samu iko ya mayar da kayan cikin akwatin rak mai faɗin inci 19, ya ɗaure kwamfuta da katin sauti wuri ɗaya da igiyoyinsu a soke, ta yadda a wurin taro murfi kawai zai buɗe. Wanda bai samu ba kafinta na iya yi masa akwatin katako da soso mai kauri a ciki, a kwantar da kwamfutar a gefenta, babban allon yana ƙasa. Akwai kuma tsaka-tsakiyar hanya, wato ƙananan nan masu girman littafi, irin su OptiPlex Micro da ThinkCentre Tiny, waɗanda ƙarfinsu bai kai na manyan ba amma sun fi jure hanya, kuma wuta kaɗan suke ci. Bayan kowace doguwar tafiya a buɗe murfi, a dafa kowace sandar RAM da manyan yatsu biyu a danna har a ji 'yan maƙallan gefe sun ce ƙas, a bi kan igiyoyi ɗaya bayan ɗaya a taɓa. Mafi yawan kwamfutocin da suka ƙi tashi bayan tafiya, fanka na juyawa allo baƙi, wannan ne ciwonsu.

Ramin sautin da ke jikin kwamfuta bai dace da aikin dandamali ba, wajibi ne a sami katin sauti na waje, kamar Focusrite ko Behringer ko MOTU ko RME gwargwadon aljihu, mai mafita huɗu aƙalla, biyu su tafi ga jama'a, sauran su kai wa mai ganga da mawaƙi bugun ƙidaya a kunne ba tare da kowa ya ji ba. A sa masa direbansa na ASIO daga kamfanin da ya yi shi, a soka shi a ramin USB na baya, kuma a riƙe masa ramin nan guda kullum. Abin da ake daidaitawa a nan shi ne jinkiri tsakanin danna fiyano da jin sauti. Idan ana aiki a kan gutsattsarin sauti 48,000 a sakan, ma'aunin bafa, wato adadin gutsattsarin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, in 128 ne jinkirinsa milisakan 2.7 ne, 256 kuwa 5.3, 512 kuma 10.7, muryar da ta shiga ta makirufo ta fito kuma nata ya haura ninki biyu na wannan. Sauti a iska yana cin mita 343 a sakan, wato kimanin milisakan 3 a kowace mita, don haka jinkirin 256 bai kai na mutumin da ya tsaya mita biyu daga lasifikarsa ba. Ina ganin kuskure ne a matsa wa kwamfuta a kan ƙaramin adadi don neman burgewa. 128 ga mai gyaran murya, 256 ga mai fiyano, kuma a tabbatar ma'aunin nauyin furosesa a cikin manhaja bai wuce kashi 60 cikin 100 ba a waƙa mafi nauyi. Duk sashen kiɗan da ba hannu ne zai kaɗa shi a wurin ba a mayar da shi fayil ɗin WAV tun a gida.

Gyaran Windows ba ya buƙatar dogon bayani: a sa tsarin wuta a kan mafi ƙarfi, a hana ta barci da kashe allo da kashe ramukan USB, a kashe sautukan sanarwa, a cire ta daga intanet, sannan a bar manhajar LatencyMon, wadda kyauta ce, ta yi aiki rabin awa ta nuna ko akwai direban da ke tsinka sauti. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka babu sabunta komai a makon da za a yi wasa. Manhajojin da ke neman tabbatar da lasisi ta intanet a gama da su tun a gida, a kuma jarraba buɗe su babu intanet ɗin. Amma manhajojin sata da suka zama ruwan dare a situdiyoyinmu, ban ga uzurinsu ba: haƙƙin wasu ne, kuma su ne suka fi rufewa ba sallama a tsakiyar aiki. Reaper lasisinta dala 60 ne ga mai ƙaramin ƙarfi, tana kuma ɗaukar aikin dandamali sarai, haka nan Ableton Live da Cantabile da Gig Performer, da MainStage ga masu Mac.

A wurin taro a ɗora akwatin a kan wani abu ya bar ƙasa da kamu ɗaya ko biyu, nesa da manyan lasifikoki da hanyar masu liƙi, bayansa a buɗe don iska ta fita, kuma kada a lulluɓe shi da ƙyalle saboda ado. Ƙaramin allo ya wadatar, a ajiye shi a gefe ƙasa-ƙasa don kada ya shiga tsakanin makaɗi da jama'a. Kibod da linzami su kasance masu igiya, domin marasa igiya batirinsu kan ƙare ba sanarwa. Mafi kyau ma a ɗaura farawa da tsayawa da sauya waƙa a kan maɓallan fiyano ko abin takawa da ƙafa ta hanyar MIDI, ta yadda hannu ba zai nemi linzami ba sai da larura. Duk igiyar da ta ratsa inda ake tafiya a manne ta da ƙasa.

Tare da duk wannan ihtiyaɗi, na'ura na'ura ce, wata rana za ta tsaya. Saboda haka a zuba dukkan waƙoƙin wasan, kammalallu, a cikin waya ko tsohuwar laftof, a soka ta a layinta na miksa tun kafin a fara, a daidaita ƙarfinta, a rage ta ƙasa tana jira. Fiyanon ma ya kasance mai sautin kansa, da igiyarsa daban zuwa miksa, don in kwamfuta ta yi shiru makaɗi ya ci gaba da kaɗawa kafin ta farfaɗo. A ajiye kuma SSD ta biyu wadda aka kwafe komai a cikinta, har da Windows ɗin, a cikin jakar kayan gyara tare da sukudireba da fis da igiyar wuta. Ƙurar hunturu kuwa, wadda fankokin nan manya ke zuƙa fiye da na laftof, a riƙa fitar da ita da abin hura iska a tsakar gida, ana dafe da fikafikan fanka da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da ƙima.

Wajen kunnawa a fara da UPS, sai kwamfuta da katin sauti, sai miksa, amfilifaya ita ce ta ƙarshe. Wajen kashewa a juya tsarin, amfilifaya ta fara mutuwa, don kada bugun kunnawa ko kashewa ya fasa lasifika. A kashe Windows ta hanyarta, a jira fanka ta tsaya kafin a zare igiya, ko da kuwa direban mota yana ta danna ham a waje. Idan an isa gida, komai dare, a soka UPS a caji kafin a kwanta, domin batirin darma da aka bari a sauke kwana biyu ko uku ba ya komawa ƙarfinsa na da.